Kiɗan kilasik a Damagaram: inda aikin ya kwana

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Kwamiti ya zauna bayan la'asar, an tsayar da magana. Dare huɗu za a yi na kiɗan kilasik, wato tsararren kiɗan Turai da ake kaɗawa daga takarda, daga farkon Janairu zuwa makon farko na Fabrairu. Lokacin ba mu muka zaɓa ba, shi ya zaɓi kansa. Azumi zai kama wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, bayan salla kuma bazara ta shigo, kuma duk wanda ya san Afrilun Damagaram ya san ba a tara mutane a ɗaki a ce su zauna shiru sa'a guda alhali zafi ya haura digiri 40.

An daɗe ana ja a kan girman baƙin da za a gayyato. Akwai masu cewa in ba cikakkiyar orkestira ba, a bar zancen. Cikakkiyar orkestira mutum 70 ne zuwa 100: masu kayan tsirkiya, masu busa na katako, masu busa na tagulla, da masu ganguna, kowa da akwatinsa, wasu akwatunan sun fi mutum tsawo. Daga Yamai zuwa nan kilomita wajen 900 ne a mota, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa. Ban da wannan, ƙasashen Turai da dama suna gargaɗin ƴan ƙasarsu kada su zo Nijar a halin yanzu, masu inshora kuma da gargaɗin suke aiki. Wasiƙun da muka aika can duk amsa ɗaya suka dawo da ita, cikin ladabi.

Ni dai ban ga abin ɓacin rai ba. Kiɗan nan ya daɗe da zama a Afirka. Gana na da orkestirar ƙasa tun 1959. A Legas akwai ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983, tana da makarantar kiɗa. A Kinshasa, Armand Diangienda ya kafa orkestirar Kimbangist a 1994, da mutanen da mafi yawansu ba kiɗa ne sana'arsu ba, har wasu kayan da hannunsu suka sassaƙa. Maƙwabta muka nufa, kuma tsarin ya tsaya haka: daren farko ƴan huɗu masu tsirkiya, na biyu mai busa obuwa, dangin algaita ta Turawa, na uku mai biyolonsel, babban gogen Turawa da ake kaɗawa a zaune, shi kaɗai, na ƙarshe ƙaramar orkestira ta masu tsirkiya goma sha huɗu.

Litinin, 13 ga Oktoba

Neman ɗaki. Gwajin ba shi da wuya: ka tsaya tsakiya, ka tafa sau ɗaya da ƙarfi, ka saurara. Babban ɗakin taron da kowa ya fi so, siminti ne sama da ƙasa, rufin kwano ba sili. Tafi ɗaya sai ya dawo maka sau uku. Ga kwanon kuma in dare ya yi ya fara hucewa sai ka ji yana ƙas, ƙas. Wani soro na ƙasa a unguwar Birni, mai daurin guga, shi ya fi kowane daɗin amo, murya na fita a dunƙule ba ta watsewa. Amma mutum arba'in ya cika shi.

Mun ɗauki matsakaici: ɗaki mai sili na katako, yana cin kujera ɗari biyu in an matsa. Bangon baya yana maido da sauti, za mu rataya masa tabarmi. Soron kuwa mai shi ya ba mu aro don ajiyar kaya da gwaji. Allah ya saka masa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Mun fara zaman saurare, kowace Alhamis bayan isha'i, da lasifika ɗaya da tulun shayi. Dalili shi ne kada baƙi su zo su tarar da kunnen da bai taɓa jin irin kiɗan ba. Yawanci ɗaliban jami'a ne da malaman lakwal, sai wasu dattawa uku daga cikin mabusan gari da muka je har gida muka gayyato.

Tambayar farko da aka yi: ina waƙar? An saurari minti goma ba a ji bakin mutum ba. A wurinmu kiɗa yana da magana, kalangu ma magana yake yi, kuma makaɗi yana da wanda yake yi wa. Sai na ba su labarin Haydn, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, wanda aka haifa a 1732, ya yi shekara kusan talatin yana makaɗin fadar gidan sarautar Esterhazy, da kayan fada a jikinsa, yana tsara abin da ubangidansa ke son ji. A 1772 yariman ya daɗe a gidansa na ƙauye, makaɗa sun ƙosa su koma wurin iyalansu, ba mai iya faɗa masa. Haydn ya tsara samfoni, wato dogon kiɗan orkestira, wadda a ƙarshenta makaɗa ke tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya hure kyandirinsa ya fita, har saura masu biyolon biyu, wato ƙaramin gogen Turawa. Yarima ya gane, aka ba da izinin tafiya.

Da na saka ƙarshen kiɗan, ɗaya daga cikin dattawan, mabushin algaita, ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce, “Malam, ai wannan namu ne. Habaici ya yi wa ubangidansa, kuma bai ci mutuncinsa ba.” Daga nan zaman ya saki.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Batun piyano ya mutu. Babban piyanon dandali ya kusa rabin tan, tsirkiyoyinsa sun haura 200, kuma jan da suke yi wa ƙarfen cikinsa ya kai tan 18 zuwa 20. Abu mai wannan ɗauri in ya sha gargadar hanya, sai an kawo mai gyaran murya ya zauna da shi, ya huta, a sake gyarawa. Wanda muka samu a wani gida a gari, na tsaye ne, gara ta riga mu. Za mu yi da na lantarki mai maɓalli 88 masu nauyi. Wadda za ta raka mai obuwa ta amsa da cewa ba ta so, amma za ta yi. Da babu gara ba daɗi.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Bushewar iska ce matsalar da ta fi cin lokacinmu, kuma ba wanda ya kawo ta a zaman farko sai da shugabar ƴan huɗun ta rubuto tana tambayar awon danshin iska a Janairu.

Hunturu shi ne lokacin da mutum ke jin daɗin zama a Damagaram, shi ne kuma lokacin da katako ke shan wahala. Biyolon da ƴan uwansa, alto da biyolonsel, an yi su da falle-fallen katako masu sirantaka, fuskar ba ta wuce kaurin milimita uku ba a biyolon, an haɗa da manne na fata. Danshin da suke so tsakanin kashi 40 ne da 60 cikin ɗari. Kayan da za su zo mana kuma daga bakin teku suke, sun saba da iska mai laima. In suka shigo busasshiyar iskarmu farat ɗaya, katakon zai tsuke, ya yi faso kamar diddige. In an yi sa'a mannen ne zai saki, wannan ana gyarawa, da ma don haka ake amfani da shi. In ba a yi sa'a ba fuskar ce za ta tsage. Turakun ɗaure tsirkiya su ma suna ramewa su sulluɓe, ana cikin kiɗa murya ta zube. Izgar baka tana gajarcewa ta ja sandar.

Mun sayo ma'aunin danshi, muka rataya a soro. Da rana ƙasa da 20 yake nunawa, kuma hunturun bai gama sauka ba. Abin da muka gwada: muka toshe tagogin da tsumma, muka jera randuna huɗu sababbi a kusurwoyi, muka shanya jiƙaƙƙun buhunan algarara a igiya, aka yayyafa wa daɓen ruwa safe da yamma. Sabuwar randa tana tsattsafo, iska na ɗauka. Bayan kwana biyu allura ta hau 38. Bangon ƙasa yana riƙe laima, ɗakin siminti ba zai yi haka ba. Kowa ya san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, don haka an buɗe wa mai ga-ruwa layinsa a cikin kasafi, kusa da na man gurup.

Cikin akwatunan kuma dabarar ta fi sauƙi: gidan sabulu na roba, a huda murfin da ƙusa mai zafi, a sa soso mai ɗan danshi a ciki, a rufe. Kada dai ya ɗiga. Yaran kwamiti sun yi ashirin a yini ɗaya.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Takardu. Kayan za su shigo ta hanyar Kano da Daura, su tsallako a Ɗan Barto, ta Matamaye. Kilomita wajen 240 ne daga Kano. Ana buƙatar takardar shigo da kaya na ɗan lokaci, da hoton kowane abu da lambarsa, don kada ranar fita a ce sayarwa aka zo yi. Akwai kuma abin da ban zata zai shafe mu ba: bakuna masu kyau da itacen fernambuk na Birazil ake yin su, wanda ke cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashe mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, tun 2007, tsofaffin kuma wasu da ɗan hauren giwa a kai. Mun roƙi baƙin su bar masu tsadar a gida su zo da na roba mai ƙarfi. Sun ma fi jure bushewa.

Mun kai gaisuwa wurin mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa da ɗakin. Liman ya tambaya kai tsaye ko za a yi rawa, ko irin taron gidan goge ne. Na ce, “Allah gafarta Malam, zama ne a kujera, mata gefe maza gefe, ba a farawa sai an sallame isha'i, kafin goma da rabi an watse.” Ya ce to, zai turo wanda zai gane masa.

Asabar, 13 ga Disamba

An kammala jerin abin da za a kaɗa. Na dage a kan abu biyu.

Na farko, kiɗan Dvorak, ɗan ƙasar Czech, na ƴan huɗu da ya tsara a 1893 a wani ƙauyen jihar Ayowa ta Amurka. Yawancin karin da ke ciki a kan murya biyar aka gina shi, irin matakan da waƙoƙinmu da yawa ke hawa. Da muka saka shi ranar Alhamis, kafin a je ko'ina wata malama ta fara bin sa da hanci. Ba wanda ya yi mata bayani.

Na biyu, a daren ƙarshe a ji aikin baƙar fata. Joseph Bologne, wanda ake kira Saint-Georges, an haife shi a tsibirin Gwadalup a 1745, uwarsa baiwa ce, ya zama gwanin biyolon kuma jagoran orkestira a Faris, da hannunsa a cinikin da ya sa Haydn ya tsara samfoni shida na Faris. Sai Fela Sowande na Nijeriya, 1905 zuwa 1987, da jerin kiɗansa na Afirka da ya tsara wa masu tsirkiya a 1944, ya ɗauko karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya shimfiɗa su a kan tsarin Turawa. Wani a kwamiti ya ce wannan neman suna ne, a kawo fitattun Turawa irin Mozart da Beethoven kowa ya huta. Mozart na nan, ba a cire shi ba. Amma yaron da zai zauna a layin baya yana da haƙƙin ya san cewa ba a hana irinsa wannan sana'a ba.

Mai biyolonsel zai yi biyu daga cikin jerin kiɗa shida da Bajamushe Bach ya tsara wa kayan shi kaɗai. Wannan daren nake jin tsoro. Mutum ɗaya, kujera ɗaya, kusan minti hamsin.

Kuɗin shiga jika ɗaya, ɗalibai dala ɗari.

Asabar, 27 ga Disamba

Gardamar tafi da liƙi ta cinye zaman yau. Masu ilimin boko a cikinmu suna son a buga a takarda: ba a tafi sai an gama duka kashi huɗu na kowane kiɗa, ba guɗa, ba tashi. Na ce wannan doka ba tare da kiɗan aka haife ta ba. A 1778 Mozart ya rubuta wa mahaifinsa daga Faris yana murna cewa mutane sun ɓarke da tafi ana tsakiyar samfoninsa, kuma da gangan ya sa wurin don ya san zai kama su. Shirun nan na coci daga baya ya zo. In Bafaranshen wancan zamani ya tafa, ban ga dalilin ɗaure hannun Badamagare ba.

Abin da aka amince: ana cikin kiɗa a yi shiru, domin ba lasifika, in ka yi magana ka danne wa na kusa da kai. Tsakanin kashi da kashi, mai tafi ya tafa, mai guɗa ta rangaɗa. Liƙi kuwa ba a goshi ba. Mutum na riƙe da kayan da ya fi kuɗin mota, hannu biyu a cike, ido a kan takarda, ba a zo masa da jika a fuska. Za a ajiye faifai a gaban dandali. Hajiyar da ke riƙe mana kuɗi ta ce faifai ba ya jin daɗin kyauta, mutum ke ji. Gaskiyarta, amma an bar shi a faifan.

Gurup zai zauna bayan katanga da waya mai tsawo, fitilu kuma a kan batir, saboda ko kuran ya ɗauke kada a ji.

Alhamis, 8 ga Janairu 2026

Ƴan huɗu sun iso da magariba, fari fat da ƙura. Ba a buɗe akwati ko ɗaya ba, aka wuce da su soro, suka kwana a rufe. Da safe ma kaɗan aka ɗaga murfin. Duk da haka gefen alto ya saki wajen tsawon yatsa. Wani kafinta a unguwar Zango da ke gyaran gurmi da molo ya duba, mai kayan ya nuna masa inda zai sa manne da inda ba zai taɓa ba, aka ɗaure da tsumma da ƴan katakai. Da ya ga suna goga ƙaro a izga sai ya ce, “Ashe ku ma sai da shi.” Izgar doki ce, ƙaro ne, bambancin dai nasu tsirkiya huɗu, gogenmu ɗaya.

Lahadi, 11 ga Janairu

Jiya aka yi daren farko. Kujeru sun cika, wasu a tsaye a bakin taga. Hazo ya sauka tun la'asar, tari ya yi yawa a kashin farko, lokacin hutu muka raba alewa mai yaji, ya ragu. Sau biyu turken biyolon na biyu ya sulluɓe, aka tsaya aka ɗaure.

Sun buɗe da Haydn, na 1781 wanda ake yi wa laƙabi da barkwanci. Ban gaya wa kowa abin da ke ƙarshensa ba. Kiɗan yakan tsaya cak kamar an gama, mutane suka tafa, sai makaɗan suka ci gaba. Aka yi tsit. Suka sake tsayawa, aka sake tafawa, suka sake ɗorawa. A na uku ba wanda ya yarda ya motsa, kowa na kallon na kusa da shi, shugabar kuma ta ƙi ɗaga kai daga takarda, sai kafaɗarta ke rawa. Da aka tabbata an gama, ɗakin ya fashe da dariya, wata tsohuwa ta saki guɗa. Tarkon da aka ɗana shekara 245 da suka wuce ya kama Damagaram yadda ya kama na farko.

Dvorak ya fi shiga jiki, musamman kashi na biyu mai sanyi. Amma ya yi wa yara tsawo, layin baya ya fara watsewa kafin ƙarshe. A dare na uku za mu sa hutu a tsakanin jerin biyu, kuma mai biyolonsel ya yarda zai yi magana kaɗan kafin kowanne, ni in fassara. Wakilin liman ya zauna har aka tashi. Faifai ya tara abin da ya biya mai ga-ruwa.

Talata, 20 ga Janairu

Mai obuwa ta iso da mai piyano, wasansu ranar Asabar. Obuwarta ta baƙin katako ce, irin wanda ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik, kuma ya fi biyolon saurin tsagewa: numfashi mai ɗumi da laima a ciki, busasshen sanyi a waje. Kafin ta busa sai ta sa rabin sama a hammata ya ɗumama. Ƴan karan bakin kuma cikin ƙaramin kofin ruwa suke zama.

Yau muka haɗa ta da dattijon nan mai algaita a soro. Kayan biyu dangi ne, duka da kara biyu a manne suke magana. Ya karɓi nata ya jujjuya, ya ƙirga maɓallan azurfa ya gaji. Ita ta karɓi tasa, ramuka huɗu, fata a jiki, da faifan ƙarfe da leɓe ke dafawa. Ta yi mamakin yadda yake cusa karan gaba ɗaya cikin baki, ita da leɓe take kama nata. Sai ya kumbura kumatu ya ja murya ɗaya ba yankewa, yana shaƙa ta hanci yana turawa da kumatu. Ta duba agogo, ta daina dubawa. Ta ce a makarantarsu wannan darasi ne na manya, ba kowa ke iyawa ba. Da na fassara masa ya ce, “Ɗiyata, mu da shi ake farawa. Da kara da ƙwaryar ruwa, tun kana yaro, ka yi ta busa kumfa kada ta yanke.”

Ta ba da muryar La, wadda obuwa ke bai wa orkestira kafin a fara don kowa ya daidaita kayansa a kanta. Algaita ba ta zauna a kanta ba, tana ɗan sama, kuma ba a matsa ta. Mai piyano ta taɓa wani maɓalli ta ɗaga piyanon gaba ɗaya ya same shi, abin da na katako ba zai taɓa yi ba. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Wasu a kwamiti suna son a sa shi ya yi busa a bakin ƙofa lokacin shigowar manyan baƙi. Na ƙi. In zai busa, a dandali zai busa, da sunansa a takarda da kuɗinsa daidai da na baƙuwa. An amince da minti takwas a ƙarshen wasan: shi ya ɗauko kari, ita ta amsa. Matsalar ita ce algaita ta waje ce, a ɗaki tana danne obuwa ɗungurungum. Gobe za mu gwada shi a bakin dandali ta baya, ita a gaba.

Alhamis, 22 ga Janairu

Tazarar taku goma ta yi. An ƙara tabarma biyu a bayansa.

Saura: motar ƴan goma sha huɗu ba a kammala ciniki ba, kuma babbar kontirbas, wadda ta fi duk masu tsirkiya girma, ba ta shiga bayan ƙaramar bas sai an cire kujeru uku. Soro ba zai ɗauki akwati goma sha huɗu da mutanensu ba, ana neman na biyu a Birni, da randuna shida. Takardun Sowande sun iso ta waya, sai a buga a manna a kwali don iskar fanka. Ma'auni yau da safe 41.